FASAHAR FIM: Daga Faifai Zuwa Aljihu, Me Ke Zubewa A Hanya?

Wannan filin Fasahar Fim ne, inda ake ajiye labarin 'yan wasa a gefe, a leƙa cikin na'urorin da suke kawo su gaban mai kallo. Batun wannan wata shi ne juya fim, abin da samarin shago suke kira konbatin: a ɗauko fim daga faifai ko daga kwamfuta, a sauya masa kama yadda ƙaramar na'urar aljihu za ta yarda ta nuna shi.

Duk wanda ya yi tashen samartaka tsakanin 2006 da 2010 zai tuna wata 'yar na'ura ƙirar China, wadda girmanta bai fi kwalin ashana da yawa ba, an rubuta MP4 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta. Yaro zai yi wata da watanni yana tara kuɗin tararsa, ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya sayo ta, ya wuce shagon mai kwamfuta a zuba masa fim. A zuba, ya saka abin kunne, ya danna, sai na'ura ta rubuto masa da Turanci cewa ita ba ta san wannan fayil ba. Daga nan sai a ji irin wannan:

"Oga, wallahi jabu aka sayar mini."

"Ba jabu ba ce, ƙanena. Ina ɗan ƙaramin sidin da ya zo a cikin kwalin?"

"Wannan ɗan mitsitsin? Ai na ba ƙanwata tana wasa da shi."

"To ai makullin gidan ka bayar!"

Mai shago ya yi gaskiya. A cikin ɗan faifan nan manhajar juyawa take, kuma ba tare da ita ba na'urar sai dai ta yi waƙa. Wayoyin hannu na zamani sun kori waccan na'ura daga aljihun samari, amma matsalar ba ta bi ta ba. Har gobe ana cin karo da ita a ƙaramar waya mai madannai, da allon kallo na mota, da talabijin mai karɓar filashi, da 'yar DVD mai batir da ake saya wa yara. Saboda haka sanin sirrin abin bai tsufa ba.

AMBULAN DABAN, WASIƘA DABAN

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kowane fayil na bidiyo abu biyu ne a haɗe. Akwai mazubi, akwai kuma tsarin da aka bi aka matse hoto da sauti kafin a zuba su a ciki. Tsarin matsewar shi ake kira kodek.

Misalin da ya fi kusa shi ne wasiƙa. Mazubi shi ne ambulan, kodek kuma shi ne irin rubutun da ke ciki. Ana iya miƙa wa mutum ambulan irin wanda ya saba gani, ya buɗe ya tarar da ajami, alhali shi boko kaɗai ya iya. Ambulan bai yi laifi ba, rubutun ne ya gagare shi.

Haruffan nan da suke ƙarshen sunan fayil, irin su AVI, MP4, MKV da 3GP, sunayen ambulan ne. AVI na kamfanin Microsoft ne tun 1992, MKV kuma ya fito a 2002. Rubutun ciki kuwa shi ne irin su MPEG-1, MPEG-2, DivX, Xvid, H.263, H.264 wanda aka kammala a 2003, da H.265 na 2013. Sauti ma da nasa: MP2, MP3, AAC, AMR. Wannan ne dalilin da ya sa fayil biyu za su zo duk da sunan MP4, ɗaya ya yi a talabijin, ɗaya ya ƙi, ko kuma a ji magana ba a ganin hoto. Na farkon H.264 ne a ciki, na biyun wataƙila H.265 ne, talabijin ɗin kuma ta girme shi.

Nan ne kuma wasu suke yin wayon banza. Sai mutum ya goge AVI daga sunan fayil ya rubuta MP4, yana zaton ya juya fim. Bai juya komai ba. Ya dai sake rubutun bayan ambulan, wasiƙar tana nan da ajaminta.

KOWACE NA'URA DA ABIN DA TAKE CI

A fara da faifan da ya raini yawancin masu kallon finafinan Hausa bayan kaset, wato VCD. Kamfanonin Sony, Philips, Matsushita da JVC ne suka tsara shi a 1993. Hotonsa MPEG-1 ne, mai faɗin ɗigo 352 da tsayin ɗigo 288 a tsarin talabijin irin na Nijeriya, yana nuna hoto 25 a kowane sakan. Minti ɗaya yana cin kimanin megabait 10, shi ya sa faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80, dogon fim sai a faifai biyu. Wanda ya saka shi a kwamfuta zai ga folda mai suna MPEGAV, a cikinta akwai AVSEQ01.DAT. Shi ne fim ɗin.

DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a 1996, ya zo da MPEG-2 da hoto mai ɗigo 720 da 576, faifan yana ɗaukar gigabait 4.7. Nasa fim ɗin yana cikin foldar VIDEO_TS, a yanke gunduwa-gunduwa da sunan VOB, kowace gunduwa ba ta wuce gigabait 1.

To, ƙananan na'urorin wancan lokaci ba su cin waɗannan kai tsaye. iPod mai nuna bidiyo, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a Oktoban 2005, fuskarsa inci 2.5 ce, ɗigo 320 da 240, kuma H.264 ko MPEG-4 kaɗai yake karɓa, su ma da iyaka. PSP na Sony, wanda ya fito a Japan a Disambar 2004, fuskarsa ta fi faɗi, inci 4.3, ɗigo 480 da 272, amma a farkon fitowarsa yana da tsirfa: sai an saka fim a wata folda ta musamman, an raɗa masa suna irin M4V10001.MP4, in ba haka ba ya yi kamar bai gan shi ba.

Wayoyin farko masu bidiyo, irin su Nokia 6600 ta 2003, 3GP suke ci. Hoton da aka saba da shi a nan ɗigo 176 ne da 144, sautin kuma AMR, wanda don maganar waya aka ƙirƙiro shi, ba don kiɗa ba.

Sai gwanar ban dariya, 'yar China mai suna MP4. Da yawa daga cikin masu arahar ba su taɓa iya buɗe fayil ɗin MP4 ba. Abin da suke ci shi ne AMV, wani tsari mai sauƙin warwarewa da aka yi don ƙaramar ƙwaƙwalwarsu. Hoton yakan zama ɗigo 128 da 96 ko kusa da haka, firem 10 zuwa 16 a sakan. Araha dai ba ta ado. Ko iPod ɗin ma, mai tsadar, kamfaninsa ya daina yin sa gaba ɗaya a 2022.

YADDA AKE MATSE FIM

Me ya sa tun farko ake matsewa? Saboda hoto irin na DVD, in an bar shi yadda yake ba matsi, minti ɗaya kacal zai kai kimanin gigabait 1. Ke nan faifai guda ba zai ɗauki abin da ya wuce minti biyar ba, ko waƙa ɗaya ba lallai ta ƙare ba.

Dabarar da kodek yake yi ita ce rowa. Zai ajiye cikakken hoto guda, sannan a hotunan da suka biyo baya ya rubuta abin da ya canza kawai. A ɗauki fitowar da miji da mata suke zaune a falo suna magana. Bango bai motsa ba, labule bai motsa ba, kujera tana nan. Baki da ido da hannu ne kawai suke aiki, don haka bayanin da za a ajiye kaɗan ne. Bayan wannan kuma kodek yana zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da haske waɗanda aka yi lissafin ido ba zai kula da su ba.

Yanzu a koma fitowar rawa da waƙa, wadda tun zamanin Sangaya na 1999 da Wasila na 2000 ta zama gishirin fim ɗin Hausa. Ga 'yan amshi a jere suna juyi, ga kyamara tana bin su, ga ganyen bishiya yana kaɗawa, ga leshi mai ƙyalli, edita kuma yana yanka hoto bi da bi. Komai yana canzawa a lokaci guda. In an takura wa fayil, a nan ne yake tona asirin kansa: fuskar jaruma ta farfashe ta zama 'yan murabba'ai kamar an jera tayil, adon zani ya dame ya koma kunu. Wurin da furodusa ya fi kashe kuɗi shi ne wurin da matsi ya fi ɓatawa.

AWO HUƊU

Duk wata manhajar juya fim, komai yawan maɓallanta, abu huɗu take tambaya.

Na ɗaya, girman hoto. A yi lissafi a gani. DVD yana da ɗigo 414,720 a kowane hoto. VCD yana da 101,376. Hoton 3GP na tsohuwar waya yana da 25,344, wato kashi ɗaya cikin huɗu na VCD cif-cif, kuma kusan kashi ɗaya cikin 16 na DVD. AMV mai 128 da 96 kuwa 12,288 ne. Wanda ya kalli fim a haka, ɗan tsakure ya gani daga abin da mai kyamara ya ɗauka. Fassarar Turancin da aka manna a ƙasan hoto kuwa, sai dai a ga farin layi yana wucewa.

Na biyu, yawan firem, wato hoto nawa ke wucewa a sakan. Finafinan da aka yi don talabijin ɗin Nijeriya da Nijar 25 suke bi, na Amurka kusan 30. In na'ura za ta iya, a bar fim a kan adadin da ya zo da shi. In an rage shi zuwa 12, tafiyar ɗan wasa sai ta koma kamar yana ɗingishi.

Na uku, bitret, wato yawan bayanin da aka ware wa kowane sakan. Shi ne mai yanke nauyin fayil, kuma lissafinsa ba wuya. A haɗa na hoto da na sauti, a ninka da yawan sakan, a raba da 8. Fim mai minti 90 sakan 5,400 ne. In an ba hoto kilobit 500, sauti 96, jimla 596, fayil zai fito kimanin megabait 400. In an sauko zuwa 384 da 64, zai dawo wajen megabait 300. Mai memorin gigabait 2 ya san ke nan fim nawa zai ɗauka tun kafin ya fara.

Na huɗu, sauti. Nan ne aka fi cutar masu son waƙa. AMR na tsohuwar 3GP bai wuce kilobit 12.2 ba, alhali sautin VCD kilobit 224 ne. Magana za ta fita, amma fiyano da ganga da siririyar muryar mawaƙiya sai su koma kamar ana jin su ta cikin gwangwani. In na'ura tana karɓar AAC ko MP3, a ba ta kilobit 96 zuwa 128, kunne zai huta.

YADDA ZA A YI A YAU

A wancan zamani shagunan kwamfuta sun fi amfani da irin su Total Video Converter, Xilisoft da Format Factory. A yau akwai manhajoji na kyauta waɗanda suka daɗe suna aiki: HandBrake, wanda aka fara a 2003, da VLC, wanda ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa suka faro, da FFmpeg na shekarar 2000, wanda shi ne injin da ke cikin yawancin sauran. A sauko da su daga shafukansu na asali, don akwai masu lulluɓe ƙwayar cutar kwamfuta da sunan manhajar kyauta, wasu kuma su manna tambarinsu a tsakiyar fim.

Matakin farko, a san abin da na'ura take ci. A duba 'yar takardar da ta zo da ita. In ta ɓata, akwai dabara: yawancin na'urorin nan suna zuwa da ɗan bidiyon gwaji a ciki, ko kuma akwai wani fim da aka san yana yi a kansu. A buɗe shi da VLC ko MediaInfo a kwamfuta, a duba bayanin kodek ɗinsa, da girman hoto, da yawan firem, da irin sauti. Waɗannan su za a kwaikwaya. Wasiƙar da mutum ya taɓa karantawa ita ke nuna irin rubutun da ya iya.

Na biyu, a kwafe fim daga faifai zuwa kwamfuta kafin a fara juyawa. A nan akwai tarko. Faifai na ɗaya da na biyu na VCD duk AVSEQ01.DAT ne sunan fayil ɗinsu, don haka in ba a sake wa na farko suna ba, na biyu zai iya hawa kansa ya shafe shi.

Na uku, a tambaya ko ma ana bukatar matsi. Wani lokaci rubutun ciki daidai ne, ambulan ne kawai baƙo, kamar H.264 a cikin MKV alhali talabijin MP4 take so. FFmpeg da Avidemux suna iya kwashe hoto da sauti su sake musu mazubi ba tare da sun taɓa su ba. Aikin 'yan sakanni ne, kuma ko ɗigo ɗaya ba ya zubewa.

Na huɗu, in matsin ya zama dole, MP4 mai H.264 da sautin AAC shi ne ya fi shiga ko'ina. Ga tsofaffin na'urori a zaɓi matakin H.264 mafi sauƙi, wanda manhajojin suke rubutawa Baseline. A HandBrake akwai ma'aunin kyau da ake kira RF, wanda lambarsa in ta yi ƙasa hoto ya fi kyau fayil ya fi nauyi. Ga hoto irin na DVD, 18 zuwa 22 ake ba da shawara. Sai dai HandBrake ba ya yin AMV ko 3GP, mai irin waɗannan na'urori sai ya nemi FFmpeg ko manhajar da ta zo da su.

Na biyar, a kiyaye siffar hoto. Tsofaffin finafinai 4:3 ne, na yanzu 16:9. In an tilasta wa ɗaya shiga gidan ɗaya, siririn jarumi zai koma ƙato, ko kuma mai jiki ta zama kamar sillen kara. Gara a bar baƙin layi a gefe da a ɓata wa mutane halitta. Haka nan in an ga gefen abu mai motsi yana yin haƙora kamar matajin kai, wanda ake yawan gani a DVD da hoton da aka ɗauko daga kaset, manhajojin suna da maɓallin gyara shi.

Na shida, kada a ƙara girman hoto fiye da yadda ya zo. Wanda ya ɗauki VCD ya mayar da shi 1080 bai ƙara masa kyau ko kaɗan ba, ya dai cika memori da iska.

Na bakwai, a gwada da minti biyu kafin a saki fim gaba ɗaya, kuma a zaɓi wurin rawa ko faɗa, ba wurin hira a falo ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Na ƙarshe, memori. Katin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da akwai fili. Na'urorin da aka ƙera kafin zuwan SDHC a 2006 galibi ba su ganin katin da ya wuce gigabait 2. Sunan fayil kuma a taƙaita shi, domin wasu tsofaffin na'urori in sun ga ƙ ko ɗ ko ɓ sai su nuna akwati a madadinsu.

ABIN DA YA ZUBE BA YA DAWOWA

Duk bayanin da ya gabata a kan magana ɗaya ya tsaya: matsi hanya ce mai tafiya ba dawowa. Abin da kodek ya zubar ya tafi ke nan. Wanda ya juya DVD zuwa 3GP, sannan ya sake juya 3GP ɗin zuwa MP4 mai nauyi, bai dawo da DVD ba. Hasali ma ya ƙara ɓata shi, don matsi na biyu zai sake zubar da nasa kason. Manyan yayyen masu karatu sun san wannan tun zamanin kaset, lokacin da ake buga kwafi daga kwafi har fuskar ɗan wasa ta koma inuwa. Ko da ana maganar manhajojin zamani masu gyara tsohon hoto, abin da suke yi cike gurbi ne da kintace, ba dawo da ainihin abin da kyamara ta gani ba.

Wannan ba matsalar mai na'ura kaɗai ba ce, ta shafi industiri baki ɗaya. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, kuma ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fim ɗin bidiyo na Hausa, a kaset ya fito. Haka ɗimbin finafinan shekaru goman da suka biyo baya. Kaset kuwa zafi da raɓa da ƙura suna cin sa, kuma kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kaset, ya daina a 2016. Faifai ma yana karcewa, yana ɓarewa.

To, da me aka rage? Duk wanda ya taɓa neman tsohon fim a YouTube ya san amsa. Sau da yawa abin da zai tarar shi ne hoto dishi-dishi, sauti yana shaƙewa, ga tambarin wanda ya ɗora a kusurwa, alamar kwafin ya bi ta hannu da yawa, an matse shi an sake matsewa. Yaron da aka haifa bayan 2005 da wannan kwafin zai yi wa fim ɗin hukunci. Sai a ji yana cewa, "Wai wannan ne ake ta zuzutawa? Ai ko fuska ba a gani." Bai san ba haka darakta ya miƙa aikinsa ba. Kwafin aljihu, wanda aka yi don a rage dare a ɗakin samari, shi ne ya wayi gari yana wakiltar fim ɗin a gaban tarihi.

Akwai kuma ɓangaren kasuwa. Fasahar da ta sa fim ya shiga aljihu ita ce ta sa ya fita daga hannun mai shi. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, aka zo zamanin memori da Bluetooth, faifai ɗaya da aka saya a Ƙofar Wambai ya isa a juya shi a tura wa unguwa guda. Masu turi sun samu sana'a, masu kallo sun samu sauƙi, furodusan da ya ci bashi ya yi fim kuma ya zauna da kwalayen faifai. Ba wannan kaɗai ya durƙusar da kasuwar sidi ba, amma yana cikin manyan dalilai. Shi ya sa harkar ta karkata zuwa talabijin da intanet: tashar Arewa24 ta fara a 2014, sannan finafinai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suka ɓullo a 2020.

Don haka a bambance. Mutum ya juya bidiyon bikin gidansu, ko fim ɗin da ya yi da hannunsa, ko ya daidaita abin da ya mallaka da na'urarsa, wannan magana ce daban. Ya ɗauki gumin wani ya juya yana rabawa ko yana sayarwa ba izini, wannan satar fasaha ce, kuma Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ko ba doka ma, akwai haƙƙi. Mai son jarumi da gaske ba ya taya a karya wanda ke biyan jarumin.

KAFIN A RUFE

Shawarar filin nan ga matasa ita ce: a juya, a matse, a more kallo, amma kada a taɓa goge na asali. Kwafin farko, mai nauyi, a ajiye shi a wuri biyu, ko da hadis ɗaya da filashi ɗaya ne. Duk ranar da aka sayi sabuwar na'ura, daga shi za a sake juyawa, ba daga ƙaramin kwafi ba. Masu iya magana sun ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi gyara.

Wanda kuma yake da tsofaffin kaset ko faifan fim a ƙasan gadon mama ko cikin adakar kaka, kada ya bari a zubar ko a ba yara su yi mota da su. A ɗaga su daga ƙasa, a nesanta su da rana da laima. In an samu mai na'urar ɗauka, a ɗauke su a kan mafi kyawun awo, ba a kan awon waya ba. In kuma ana da hanyar sanar da kamfanin da ya yi fim ɗin ko iyalan furodusan, a sanar da su, don ba mamaki su kansu nasu kwafin ya daɗe da salwanta.

Masu tambaya a kan wata na'ura da ta gagare su, ƙofa a buɗe take, a aiko da sunan na'urar da irin fayil ɗin da ta ƙi. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai rai. A yi kallo lafiya.